Bitar adana wake, da buhun da na manta a mota

Karon farko da aka ce in horar da malaman gona kan adana wake, kwana uku na yi ina haɗa darasin a kwamfuta. Duk da Turanci, har da zane mai launi. Na zuba tarihin buhun PICS, wato buhun da ke adana wake ba tare da magani ba, kaf: yadda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka soma gwajin dabarar tare da takwarorinsu a arewacin Kamaru, da yadda aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007 da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates. Ban kai rabi ba aka ɗauke wuta. Kafin a tayar da janareta, rabin ɗakin na gyangyaɗi, sauran na tambayar yaushe za a sa hannu a takardar alawus.

Da aka tashi, wani dattijo da ya kusa ritaya ya ja ni gefe.

"Malam, ka yi ƙoƙari. Amma buhun fa, ina yake?"

Yana cikin but ɗin mota, a naɗe. Ban ma shigo da shi ba.

Washegari na bar majigin a ofis. Na sayo wake a kasuwa, da gangan na zaɓi wanda ƙwaro ya fara huda, muka fita ƙarƙashin darbejiya. Buhun ba wani abin mamaki ba ne a ido: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Sirrinsa iska. In an rufe shi ruf, ƙwarin sukan shanye ɗan iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Wannan bayanin minti biyu ya ishe shi. Sauran yinin na hannu ne.

Nan na ga inda gizo ke saƙar. Mutumin da ya gyaɗa kai jiya, yau an miƙa masa leda ya rasa ta ina zai fara. Sai ka cika ta da iska, ka matse bakin, ka danna ka ji ko tana huci, domin hudar da ba ta kai ta allura ba tana iya ɓata aikin. Waken ya bushe sarai, in ka ciza ya ce ƙas, a sheƙe shi kada tsinke ya fasa ledar. Sannan ɗaurin: a matse iska, a murɗe bakin ledar ciki, a lanƙwasa, a ɗaure, ta biyu ma haka, buhun waje daban. Kusan kowa so yake ya haɗa ukun ya ɗaure lokaci guda, kamar buhun masara. Ban bar kowa ya zauna ba sai da ya ɗaure sau biyu, sannan ya koya wa na kusa da shi da Hausa, ni ina saurare.

Na kuma daina yi musu wa'azi kan illar magani. Sun fi ni sanin masu yayyafa wa wake fiya-fiya. Abin da ya sa suka miƙe zaune shi ne da na ce a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari. Maganar kasuwa ce, kowa ya gane.

Kuskure na biyu sai bayan kaka ya fito. Manoma sun gani, sun yarda, amma ba su san inda ake sayar da buhun ba. Wasu suka sayi leda sakaka mara kauri, wake ya lalace, aka ce mun yaudare su. Tun daga nan ba na yin bita sai da dillalin buhun a zaune, da kayansa, kowa ya karɓi lambarsa. Haka nan mata: a gidaje da yawa su ke ajiyar wake, amma ba za su zo ƙofar gidan dagaci su cakuɗa da maza ba. Muka horar da mata malaman gona su shiga gida-gida, muka naɗi bayanin ɗaurin da murya, ana turawa ta WhatsApp.

Yanzu ba na rubuta cewa an kammala horo sai ranar buɗe buhu. Ana ɗaure shi da kaka a gaban jama'a, a ɗora kan katako nesa da ɓera, a ajiye wani wake a buhun gargajiya kusa da shi. Da bazara, lokacin da wake ya yi tsada, a kwance duka biyun. A wani ƙauye, na gargajiyar ya zama gari, ƙwari na tashi. Wata tsohuwa ta tura hannu cikin ɗayan har gwiwa, ta ɗebo daga can ƙasa, ta shinshina, ta ciza.

"Ɗan nan," ta ce, "nawa ka ce ake sayar da shi?"

Na nuna mata dillalin, yana zaune kan babur ɗinsa.