Daga Makka zuwa bakin tekun Jidda, daren tseren Formula 1

Umara ce ta kai ni Saudiyya a farkon watan Maris na 2024, azumi saura kwanaki kaɗan. Ɗan ƙanwata da ke aiki a Jidda ya kira ni ranar Alhamis, ya ce, "Kawu, shekara nawa kana sayar da kayan mota a Ƙofar Ruwa? Zo ka ga motar da ba ka taɓa ganin irinta ba, na yankar mana tikiti." Na yi jim, don zuciyata tana Harami. Amma na riga na sauke Umarata, yaron kuma ya kashe kuɗinsa saboda ni, sai na amsa masa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na hau jirgin ƙasa na Haramain. Kafin in gama gyara zama mun shiga Jidda. Direban tasin da ya ɗauke mu daga tasha yana jin muna magana sai ya juyo ya ce, "Sannunku da zuwa." A Makka aka haife shi, kakansa ne ya zo aikin Hajji ta Sudan ya zauna. Hausarsa ta sha Larabci, amma gaisuwar tana nan yadda ya gaje ta. Shi ya fara gaya mini cewa bana ranar Asabar za a yi babban tseren, ba Lahadi kamar yadda aka saba ba, saboda ƙaratowar Ramadan.

Filin tseren yana kwance a gaɓar Bahar Maliya, wurin da suke kira Kornish. Tsawonsa kilomita 6.174, lanƙwasa 27, katanga dama da hagu, kuma tun Disambar 2021 ake tsere a kansa. Mun yi tafiyar ƙasa mai nisa daga inda aka sauke mu, ga ƙafafuna ba su huce daga Safa da Marwa ba. Amma da motar farko ta gifta a gabanmu a daren neman gurbi, wato gasar da ke tantance inda kowace mota za ta tsaya a layin farawa, na manta da ciwon. Talabijin ba ya nuna wannan gudun. Kana jin ƙarar tun daga nesa, kafin ka juya wuya ta wuce, sai tartsatsin wuta da ke fita daga ƙarƙashinta idan cikinta ya gogi kwalta. A miƙaƙƙen titi suna haura kilomita 300 a awa ɗaya, tsakaninsu da katanga wani lokaci bai kai tafin hannu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai injin ne. Silinda shida, lita 1.6, wato bai kai girman na Corolla mai lita 1.8 da nake sayar wa kayanta kullum ba, amma da taimakon turbo da batir yana ba da ƙarfin doki kusan 1,000. Na sa yaron ya maimaita mini sau biyu.

Duk inda ka juya a daren nan maganar mutum ɗaya ake yi. Direban Ferrari, Carlos Sainz, ya kwanta da ciwon afendis, an yi masa tiyata a ranar. Sai aka kira wani ɗan Ingila mai shekara 18, Oliver Bearman, wanda ya zo Jidda don tseren matasa na Formula 2, har ya samu gurbin farko a can. Aka ce masa ya bar wancan ya hau jar motar Sainz. Awa ɗaya kacal ya samu na gwaji. A neman gurbi ya zo na 11, abin da ya hana shi shiga goman farko bai kai ƙiftawar ido ba, wanda ya tare masa hanyar kuwa Lewis Hamilton ne, mai kambun duniya bakwai.

Ranar Asabar mun yi sallar Magariba a wurin da aka keɓe cikin filin, sahu ɗaya da Larabawa da 'yan Pakistan da wani Bature sanye da hular Ferrari. Ƙarfe takwas na dare jajayen fitilu biyar suka kunnu ɗaya bayan ɗaya, suka mutu gaba ɗaya, motoci 20 suka zabura. Sai da ƙirjina ya amsa.

Ba a yi nisa ba Lance Stroll ya daki katanga, aka fito da motar kiyaye haɗari, wadda ke shiga gaba ta rage wa kowa gudu, yawancin direbobi suka ruga canjin taya. A babban allo na kalli wannan, kuma a nan ne na miƙe tsaye ban sani ba. Mutum kusan ashirin sun durƙusa suna jira, kowa da aikinsa guda: mai ɗaga gaba, mai ɗaga baya, mai kwance noti, mai cire tsohuwa, mai saka sabuwa. Taya huɗu cikin ƙasa da daƙiƙa uku. Babu mai ihu, babu mai neman sifana. Na tuna yaran shagona da yadda nake musu faɗa idan sun yi nawa, alhali ban taɓa zaunar da su na raba wa kowa aikinsa ba.

Max Verstappen ya yi gaba abinsa, tseren nasa babu gardama. Ni idona yana kan Bearman. An saka masa taya mai farin zobe, mai tauri, wadda za ta kai shi ƙarshe. Lando Norris da Hamilton ba su tsaya da wuri ba, sai can daga baya suka ɗauki mai jan zobe, mai laushi da sauri, suka biyo shi. Zagaye bayan zagaye ɗan ƙanwata yana karanta mini tazarar daga wayarsa, "Kawu, suna matsowa." Na zaci tsoro zai kama Bearman ya goga katanga. Bai goga ba. Aka cika zagaye 50 yana na bakwai, Norris na takwas, Hamilton na tara. Verstappen ya ci, Sergio Perez na biyu, Charles Leclerc na uku. Allon ya nuna Sainz a garejin Ferrari, kwana ɗaya bayan tiyata, yana takawa a hankali. Ya zo ya ga wanda ya riƙe masa mota.

Aka harba wasan wuta a kan teku, muka bi ayarin mutane zuwa waje. Sai bayan tsakar dare muka samu mota. A hanya yaron yana ta lissafa mini maki, ni kuwa ina tunanin Bearman sa'an autana ne. Washegari na koma Makka a jirgin safe, kunnuwana ba su daina ƙugi ba. Da daddare aka sanar da ganin wata, muka yi tarawihin farko a Harami, Litinin 11 ga Maris muka tashi da azumi.