Asabar a Jidda, wajen zaɓen gilashin makro

Yau da la'asar a shagon kyamarori aka ƙare, ni da 'yar yayata da za ta fara ɗaukar hoton amare a ɓangaren mata. Kuɗin gilashi ɗaya gare ta, kuma so take ya ɗauki fuskar amarya, ya ɗauki zanen lalle, ya ɗauki zoben gwal har a ga hatimin karat 21 da ke cikinsa. Wannan aikin gilashin makro ne, wato gilashin kyamara mai ɗaukar ƙananan abubuwa kusa-kusa, mai milimita 90 zuwa 105, f/2.8 (lambar faɗin ƙofar haske, in lambar ta ƙaru ƙofar ta tsuke).

Abin da aka fara dubawa shi ne 1:1. A kyamara mai cikakkiyar sensa (farantin da ke kama hoton a cikin kyamara), ma'anarsa abin da faɗinsa milimita 36 ne zai cika hoton. Ba duk wanda aka rubuta wa makro ke kaiwa nan ba. Canon RF 85mm f/2 iyakarsa 1:2, wato rabin haka. Ya ishi lalle, bai ishi hatimin zobe ba. Canon EF 100mm f/2.8L na 2009, da Nikon 105mm, da Sony 90mm, da Tamron 90mm duk sun kai, RF 100mm na 2021 ma ya wuce har 1.4:1.

"Anti, mai 60 fa? Ya fi arha." A nan aka daɗe. Santimita 30 da ake rubutawa a jikin mai 100, daga sensa ake aunawa. Abin da ya rage tsakanin bakin gilashi da zoben bai wuce santimita 14 ba. A mai 60 kuwa bai kai goma ba, sai inuwar kyamara ta faɗa kan zoben, ga shi gwal madubi ne, baƙin gilashin zai fito a jikinsa. Wajen fuska ma haka: mai 100 zai tilasta a ja baya kamar mita biyu, hanci ba zai kumbura ba. Sai dai in sensar ƙarama ce, lissafin ya sauya. A ƙaramar Canon ana ninkawa da 1.6, mai 100 ya koma kamar 160, sai bango ya tare ki kafin amarya ta shiga hoto. Tata cikakkiya ce, shi ya sa aka tsaya kan 100.

Inda sababbin shiga ke zargin gilashi alhali lafiyarsa lau: a 1:1, ko da f/8, abin da ke fitowa tangaran bai fi kaurin milimita ɗaya ba. Numfashi kaɗai ya isa ya kawar da fokas. Hasken da ke isa sensa kuma yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, f/2.8 ya koma kamar f/5.6, Nikon na nuna hakan a allo, Canon ba ta nunawa. A rufe ƙofar haske zuwa f/11, a ƙara fitila mai laushi daga gefe, a ɗora kyamara kan abin ɗorawa mai ƙafa uku. Kada a zarce f/16, hoton sai ya fara dishi-dishi. Na'urar hana girgiza tana da amfani wajen fuska, amma a kusa-kusa ƙarfinta kaɗan ne, ban ga dalilin ƙara kuɗi mai yawa saboda ita kaɗai ba.

Akwai ɗan maɓallin taƙaita nisan fokas a gefe. In fuska ake ɗauka a mayar da shi kan nesa, in ba haka ba gilashin zai yi ta kai-komo har murmushin ya wuce.

Wutar Saudiyya 60Hz ce, wasu fitilun ɗakin biki suna kyaftawa, sai ratsi ya fito a hoto. Saurin shata (lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga) 1/60 ko 1/125 na daƙiƙa yakan rage shi. Sai raɓar Jidda. Daga sanyin mota zuwa waje gilashi ke yin gumi nan take, a bar shi cikin jaka a rufe ya ɗan ɗumama tukuna, a kuma zuba ƙunshin silika mai tsotse danshi a jakar.

Na hannu ta saya, EF 100mm, da adaftar da ke haɗa shi da kyamararta, Canon samfurin RF. Kafin a biya sai da aka haska shi da tocilan waya ta baya, ana neman farin zare-zare na fumfuna. Ƙura 'yar kaɗan ba ta fitowa a hoto, fumfuna kuwa yaɗuwa take.