Inda aka kwana a gyaran sabar ƙungiyarmu ta Jidda

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyo, ga ci gaban aikin sabar ƙungiya kaman yadda na yi alƙawari. A taƙaice dai ta tashi tana aiki, karatu ya dawo yana buɗuwa a waya, amma da sauran aiki a gaba.

Ga wanda bai san labarin ba, tsohuwar kwamfutar ofis ce irin mai tsayuwar nan, wani bawan Allah ɗan ƙungiya ya sayo ta a Haraj Sawarikh ya ɗora mata Ubuntu 20.04, tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, da Nextcloud, manhajar ajiye fayiloli da mutane ke buɗewa ta intanet, a ciki ake ajiye sautin karatun da Malam ke yi bayan isha, da tafsirin azumi na shekarun baya, da lissafin gudummawar da ake tarawa don jana'iza da marasa lafiya. Shi mutumin ya yi huruj ya koma Kano, ita kuma ta ci gaba da zuba aiki ita kaɗai ba mai leƙa ta, har ranar da iyayenmu mata suka fara aiko saƙon murya cewa in sun danna karatu sai waya ta nuna musu wani jan gargaɗi. Shi ne mu uku muka ce za mu gwada fisabilillahi, ba wanda sana'arsa ce a cikinmu, ni direba ne, ɗaya ɗalibi, ɗaya kuma yana tsaron shago.

Farkon abin da muka gani wajen da aka ajiye ta ne. Tana mulhak, ɗakin nan na can saman bene, kuma an kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, tun da ba mai kwana a ciki, kowa na tsoron kuɗin wuta. Wanda ya san zafin Jidda ya san me ake nufi, kuma nan ba zafin ne kaɗai ba harda danshin teku. Da muka kwance murfin wallahi sai da muka ja baya, ƙura ta sha danshi ta dunƙule kaman audugar tsohuwar katifa, ta toshe haƙoran ƙarfen da ke kan furosesa gaba ɗaya, fankar baya ma sai ka tura ta da yatsa take juyawa. Mun fito da ita tsakar bene muka hure ta. In za ku hura ku danne fankar da yatsa kar iska ta wulwula ta fiye da ƙima, bakin gatarinta na lalacewa. Man sanyin da ke tsakanin furosesa da ƙarfen ya bushe ƙamas yana ɓarewa, muka goge da sifirit muka ɗiga sabo ɗan kaɗan a tsakiya, ba a shafa shi da yawa. Yanzu in ka buga umarnin sensors mai nuna zafin na'ura za ka ga zafin ya sauka sosai, kuma mun sauko da ita ƙasa ɗakin da ake zama inda mukayyif ke kunne.

Toh sai faifan ajiya, nan ne na fi son ku tsaya ku gane. Faifai biyu ne a ciki an haɗa su RAID 1, wato duk abin da aka rubuta a ɗaya ana rubuta shi a ɗayan. In ka buga cat /proc/mdstat lafiyayye zai nuna maka UU, namu U ɗaya ya nuna sai ɗan layin ƙasa a gefensa, ma'ana ɗaya ya faɗi tuntuni saba na tafiya da ƙafa ɗaya ba wanda ya sani. Muka duba lafiyar faifan da umarnin smartctl -a, lambobin da za ka fara kallo su ne 5 da 197, na farko gurbin da ya lalace faifan ya musanya shi da wani, na biyu wanda ya kasa karantuwa ana jiran a ga yadda zai kaya. A mataccen duka biyun sun yi sama, a mai ran sifili ne, amma lamba 9 da ke ƙirga awannin aiki ta nuna sa'annin juna ne, rana ɗaya aka sa su, zafi ɗaya suka sha. Don haka ba mu yi gaggawar ƙara sabo ba. Sake gina RAID yana karanta tsohon faifan daga farko har ƙarshe, kuma a irin wannan wahalar ce tsoho ke cikawa. Sai da muka kwashe komai da rsync zuwa faifan waje tukuna, sannan muka sa sabon da mdadm --add muka bar shi ya kwana yana yi. In za ku sayi faifai ku tambayi irin fasahar rubutunsa, CMR ne ko SMR, na biyun yana jan jiki sosai wajen dogon rubutu, bai dace da wannan aikin ba ko da ya fi araha.

A nan muka ɗan yi ja-in-ja da Alhaji ma'aji, ya ce "yara ba kun ce biyu ne a ciki ba, na ukun kuma na mene?" Gaskiyarsa, kuɗin jama'a ne. Ɗalibinmu ya ce masa Baba Alhaji in wani ya goge fayil bisa kuskure daga duka biyun yake gogewa lokaci guda, in wuta ta ƙona akwatin ma duka za su tafi, shi na wajen a gidanka zai zauna. Ya yi shiru ya ciro kuɗin. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce kwafi 3, a kan abu iri 2, 1 a wani wuri daban.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne yadda jan gargaɗin nan na waya ya samo asali daga ƙurar. Faifan da ke mutuwa ya dinga zuba kuka a cikin log, fayil ɗin da saba ke rubuta abin da ke faruwa da ita, dare da rana har ɓangaren da tsarin ke zaune ya cika, df -h ya nuna 100%. Takardar shaidar tsaron shafi ta Let's Encrypt, wadda in ta ƙare waya ke nuna jan gargaɗi, kwana 90 take yi, manhajar certbot ce ke sabunta ta da kanta, to da ta zo ba ta samu wurin rubuta ko harafi ba sai ta haƙura. A da sukan aiko imel su ce ta kusa ƙarewa, amma sun daina tun watan Yunin 2025, kuma ko da sun aiko adireshin na wanda ya tafi ne. Muka rage log da journalctl --vacuum-size, muka gyara logrotate mai share tsofaffin log, certbot renew ya wuce tas.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan neman kalmomin sirri. Sunan shafin da imel ɗin mutumin aka yi rajistarsa, kalmar admin ta Nextcloud a kansa take, ta rauta, na'urar raba intanet, ma haka. Allah ya saka masa da alheri bai ƙi mu ba, mun riƙa musayar saƙon murya da shi, mu muna gaba da Najeriya da awa biyu don haka sai mun jira ya taso daga kasuwa, wata ma sai da ya tono tsohon littafinsa a cikin akwati. Da Allah ya yi masa rasuwa ko ya canza lamba fa, shikenan tafsirin shekaru ya shiga wani hali. Mu nan kusan kowa a kan igama yake, wato takardar izinin zama, yau kana nan gobe kafil, uban gidan da ya tsaya maka, ya ce aiki ya ƙare, don haka ni a ganina duk sabar da mutum ɗaya ne ya san cikinta a ƙasar nan aro ce. Yanzu mun buɗe imel da sunan ƙungiya, mun sayi littafi mai bango muna rubuta duk abin da muka taɓa da kwanan wata da dalili, da Hausa yadda na baya zai gane, kalmomin sirri kuma suna cikin ambulan a hannun ma'aji da sakatare.

Mun kuma tarar da wata folda cike da hotunan igama da fasfo na mutane, wasu sun daɗe da barin ƙasar. Mun kai maganar gaban shugabanni aka ce a goge, dama akwai dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a Saudiyya a Satumbar 2023, kuma ba amfanin da suke mana.

Saura abu uku. Batirin UPS, na'urar da ke riƙe saba in an ɗauke wuta, ya kumbura, irin 12V 7Ah ɗin nan ne, zafi ne ya cinye shi, za mu canza. Kwafin da muka ɗauka ba mu gwada dawo da shi ba tukuna, Juma'a bayan la'asar za mu ɗora shi a kan wata laftof mu ga ko karatun zai buɗe. Sai babban, Ubuntu 20.04 tallafinsa na kyauta na yau da kullum ya ƙare a Mayun 2025, ko dai mu hau 22.04 sannan 24.04, ko mu share mu sa Debian 13 da ta fito a Agustan 2025. Ni na fi karkata ga sharewa, ɗalibi ya ce a bi a hankali, kuma Nextcloud ba ta yarda a tsallake babbar siga sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, kowacce da sigar PHP, manhajar da take gudana a kanta, da take so. Wanda ya taɓa bin wannan hanyar don Allah ya faɗa mana wanne ya fara ɗagawa, PHP ko Nextcloud, kafin mu taɓa.