Wai labarin nan nawa ne ko na 'yan guruf?

Mutane da yawa sun ɗauka babbar damuwar marubuci ita ce ya zauna labari ya ƙi zuwa. Ni dai a wajena ba ita ba ce, labari kam ga shi nan burjik, ki hau adaidaita sahu daga Kabuga zuwa Kantin Kwari ki yi shiru ki kasa kunne, kafin ki sauka kin tsinci na littafi biyu har da ragowa. Abin da ke hana ni sakat shi ne yadda muke rubutun a yanzu, shafi-shafi, kusan kullum, a gaban idon mutanen da suka riga suka biya kuɗinsu tun labarin bai kai rabi ba.

Ga wanda bai san yadda harkar take ba, ga ta a taƙaice. Za ki fara sakin shafukan kyauta a WhatsApp da Facebook, wasu har Wattpad, sai labari ya ɗauko daɗi, daidai inda mai karatu ba za ta iya haƙura ba, sai ki tsaya ki ce daga nan na kuɗi ne. Ki sa lambar akawun, wata ɗari biyar wata dubu, ya danganta da sunan da kika yi. A turo shaidar biya, 'yan Nijar su turo ta Nita ko Amana, wadda ba ta da akawun ta turo katin waya, ki zuba su a guruf. To daga wannan ranar kin zama mai bashi a kanki, kuma masu bin bashin suna da lambarki.

Antocinmu da suka yi zamanin bugawa, wajen shekarun 1990 lokacin da littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano, su ma sun sha tasu wahalar ba na musu, rubutu a littafin makaranta da biro, a kai wa mai buga kwamfuta, a kai maɗaba'a, a jira dillalai su kawo ciniki in sun ga dama. Su ma suna raba labari kashi na ɗaya da na biyu da na uku. Amma mai karatu in tana da magana sai dai ta rubuta wasiƙa ta aika akwatin gidan waya da ke bayan littafin, kafin wasiƙar ta iso an gama bugawa an wuce wajen. Mu kuwa ƙarfe biyun dare wayarki na ƙara, "Anti lafiya yau shiru?"

Kuma fa rubutun da ake jira ɗin nan da babban yatsa biyu ake yinsa. Ni bayan asuba nake samun sarari, kafin hayaniyar karin kumallo da neman safa ƙafa ɗaya da wane ya ɓatar da fensir, sai kuma dare in kowa ya kwanta. Waya a hannu, ido ɗaya a kan labari ɗaya a kan caji, in an ɗauke wuta kina tsakiyar faɗan uwar miji da suruka sai ki ga batir ya yi ja, ki tashi ki lalubo fawa-bank shi ma ashe yara sun zuƙe shi da kallon katun. Ga danna k ki riƙe kafin ƙ ta fito, haka ɗ haka ɓ, shi ya sa wasunmu suka haƙura da su gaba ɗaya suke rubutawa a haka. Ni na ƙi haƙura, saboda haka shafina ya fi na wasu cin lokaci, kuma babu wadda ta taɓa gode mini a kan wannan, ba komai.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan sharhi.

In kin saki shafi aka yi shiru, wallahi jikinki mutuwa yake, ki yi ta buɗe guruf kina rufewa kina tunanin ko labarin ne ya yi lami. Shi ya sa za ki ga marubuciya ta yi fushi ta ce in ba a yi sharhi ba babu ci gaba gobe, na san abin da take ji. In kuma aka yi sharhin, to kin jawo. A littafina na baya-bayan nan guruf rabewa ya yi gida biyu, masu goyon uwargida da masu goyon amarya, ana zage-zage na gaske tsakanin matan da ba su taɓa ganin juna ba a kan mata biyun da ni na ƙirƙire su a tsakar ɗakina. Da mijin ya yi wa uwargidan saki na uku kuwa, tashin hankali. Wata baiwar Allah ta turo mini murya ta kusan minti biyar, ana jin ƙarar turmi a bayanta, tana cewa "Haba 'yar nan, ki dubi girman Allah, yaran nan fa ƙanana ne, ki san yadda za ki yi ki mai da ita ɗakinta." Na ce Hajiya saki uku ne fa. Ta ce ai ke ce mai alƙalamin, ki ce cikin fushi ya yi. Wata kuma ta biyo ni ta gefe wai nawa za ta ƙara mini in kashe amaryar wajen haihuwa, da gaske take ba wasa ba.

Abin dariya ne in ana ba da labari, amma in kina ciki ba dariya. Saboda kina so su ji daɗi, su ne za su sayi na gaba, su ne za su tallata ki a wasu gurufan. Sai ki ga hannunki ya fara karkata da kansa. Wanda kika tsara zai mutu a shafi na arba'in sai ya farfaɗo a asibiti, muguwar da ya kamata ta ci bulus kamar yadda mugaye da yawa ke ci a duniya sai ta haukace tana bin bola don masu karatu su huce. Kamar ki ɗora miya ne baƙi goma su biyo ki kicin kowa da cokalinsa, wannan ta ce gishiri wannan ta ce daddawa, in kika biye musu duka abin da za ki sauke ba mai iya ci. Na karanta littattafai masu kyau da suka fara da ƙarfinsu suka ƙare a haka, kuma ina iya nuna daidai shafin da marubuciyar ta sakar wa guruf linzami.

Dabarar da nake yi, kafin in saki ko shafi ɗaya sai na rubuta ƙarshen labarin da biro a wani littafi mai bango baƙi da nake ajiyewa a ƙasan akwatin zannuwa. Waye zai mutu, wace ce za ta fita daga gidan, wa zai yi nadama wa ba zai yi ba. Tsakiya ana iya ciniki, ƙarshe babu. Sannan ina ƙoƙarin in kasance gaba da su da 'yan shafuka a ajiye, yadda in sun taso da ihu a kan abin da suka karanta yau, na gobe da na jibi sun riga sun rubutu, ba yadda za a yi zafin ihun ya shiga ciki. Ranar da ajiyar ta ƙare, misali yaro ya kwana da zazzaɓi ko an yi rasuwa a dangi, ranar nake fi jin tsoron kaina.

Kar kuma a ce na raina masu karatu, a'a. Su ne editocin da ba mu da su. Ba mu da wani kamfani da zai zauna ya duba mana aiki kafin ya fita, guruf ne ke tuna miki cewa yarinyar da kika ce marainiya ce a farko ga babanta ya zo ɗaurin aure a tsakiya. Kuma a cikinsu akwai nas, akwai lauya, akwai malamar Islamiyya, akwai matar soja. Ki rubuta mace mai ciki ta gama idda da tsarki uku ki ga yadda za a yi miki ca, ai iddarta sai ta haihu. Ki ce matar mamaci mai 'ya'ya ta samu rubu'i, kafin ki ajiye waya an tuna miki tumuni ne, rubu'i sai in babu ɗa. Takaba wata huɗu da kwana goma, ba yadda za ki gajarta ta don kina sauri jarumi ya fito neman aure. Shi ya sa duk abin da ya taɓa aure da saki da gado sai na tambayi malami kafin in rubuta, na asibiti kuma ina da ƙawa ungozoma da na ishe ta da tambaya har ta ce ko dai in zo in yi karatun ne kawai. Wannan gyaran ina karɓarsa hannu biyu. Wanda ba na karɓa shi ne a ce mini wane bai cancanci mutuwa ba, kamar mutuwa da cancanta take zuwa.

Sai maganar tsawo. An saba da cewa littafin kuɗi sai ya yi shafuka rututu, in ya yi gajere a ce kin cuci mutane. Daga nan ake samun shafi uku cur a kan lefe, akwati nawa, leshi kala nawa, kamu, dina, motocin da suka zo ɗaukar amarya, abin da kowa ya saka tun daga ɗankwali har takalmi, labari yana tsaye cak yana jira a gama biki. Ina jin wannan jarabar sosai, don shafin biki shi ya fi sauƙin rubutawa ranar da kai ya toshe, kuma ana so. Abin da ya taimake ni shi ne gwada rubuta gajeren labari irin na gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata, inda aka ƙayyade miki kalmomi kar su wuce 1,500. Ko ba ki aika ba ki gwada, za ki sha mamakin yawan abin da labari zai iya rayuwa ba tare da shi ba.

Akwai kuma masu biyo ki ta gefe kafin su biya, "Sis akwai zafi a ciki?" Kowa ya gane abin da ake nufi, kuma kowa ya san littafin batsa ya fi saurin kawo kuɗi. A 2007 an taɓa ƙona littattafai a Kano ƙarƙashin shirin gwamnatin jihar na gyaran tarbiyya, wato A Daidaita Sahu, ga kuma hukumar tace finafinai da ɗab'i da ke nan tun 2001, amma gaskiya wayar hannu ta fi ƙarfin a bi ta guruf-guruf. Ni mai tace ni ita ce malamar Islamiyyar 'yata, tana cikin guruf ɗina, ta biya kuɗinta kamar kowa, kuma ranar Asabar sai mun haɗu a bakin get. Sai dai kuma ba na yarda wannan ya sa in guje wa fyaɗe ko shaye-shaye ko auren dole, waɗannan suna faruwa a unguwanninmu, ana iya rubuta su mai karatu ta ji zafin ba tare da an ɗaga labule ba.

Sunaye ma wani aiki ne. In muguwar labarin ta ci sunan wata a dangin miji kin shiga uku, ko da kin rantse da Alƙur'ani ba za a yarda ba, saboda haka kafin in raɗa wa kowa suna sai na bi dangi ɗaki-ɗaki a kaina, na wajena da na wajensa. Duk da haka sai an samu wadda za ta ce ai ta gane da ita nake.

Fitar da littafi kuwa na gaji da maganarsa. Mutum ɗaya ta biya, ta kwashe ta watsa a gurufai goma, bayan kwana biyu ki ji wani yana karanta shi a YouTube da tallace-tallace a kai ko sallama bai yi miki ba. Muna rubuta Allah ya isa a saman kowane shafi, ana kwafa har da Allah ya isan. Manhajojin sayar da littafi sun ɗan rage abin, amma tun da ɗaya daga cikinsu, OkadaBooks, ta rufe a ƙarshen 2023 na daina yarda in bar aikina a waje ɗaya, duk shafin da na gama sai na tura wa kaina ta imel, ko da data ta yi tsada, ga shi kuwa ta yi tun ƙarin kuɗin da aka yi a farkon 2025.

Wata ƙawata marubuciya ta ce maganin duk wannan surutun nawa ɗaya ne, in gama littafi tsaf kafin in buɗe guruf. Gaskiya ta faɗa, amma hakan na nufin watanni ba ko sisi yana shigowa, kuɗin makaranta ba ya jira, masu karatu kuma in kin yi shiru da yawa sun koma wajen wata. Kuma in faɗi gaskiya, akwai wani kuzari da ihun nasu ke ba ni wanda ban san ko zan iya rubutu babu shi ba. Abin da na yanke dai a wannan karon, sai na kai kashi biyu cikin uku kafin in saki shafin kyauta na farko, ƙarshen kuma yana nan a ƙasan akwati. Masu tambayar yaushe, da azumi dama ba na rubutu, don haka sai bayan sallah in Allah ya kai mu, kuma dan Allah kar wadda ta turo kuɗi tun yanzu, ban buɗe ba tukuna.