Shafin da Oga ya cire: abin da na koya a bakin kogin Yamuna

Duk wanda ya yi sanin makamar aiki a kamfanonin da ke rubuta rahoton muhalli a Delhi ya san yadda rabon yake: manya suna ofis cikin sanyin na'ura, mu ɗalibai muna bakin kogi da kwalabe da takalmin roba. Ni an tura ni inda ake kafa ginshiƙan wata gadar Metro, jirgin ƙasan cikin gari, a kan Yamuna, kogin da ya ratsa Delhi. Yanzu da na haɗa komatsaina zan dawo gida, bari in faɗi abin da ya tsaya mini a rai.

Ogana yana da magana ɗaya da ba ya gajiya da ita, wai kogin ya riga ya mutu, babu abin da gada za ta ƙara masa. Kuma in alƙaluma za a bi, bai yi ƙarya ba. Tsakanin madatsar Wazirabad da ta Okhla, inda kogin ya ratsa cikin Delhi, kilomita 22 ne kacal, kusan kashi 2 cikin ɗari na tsawon kogin, amma a nan ne mafi yawan ƙazantarsa ke shiga, musamman ta magudanar Najafgarh. Da rani iskar oksijin da ke cikin ruwan takan kusa ƙarewa ƙaf, farar kumfa kuma ta lulluɓe shi a wajen Kalindi Kunj, kusa da madatsar Okhla. Saboda haka in ka ɗebi ruwa a sama da wurin aiki, ka ɗebi wani a ƙasa, sakamakon ɗakin gwaji kusan ɗaya ne. Sai a rubuta cewa aikin bai shafi ruwa ba, a buga hatimi.

Amma ɓarnar ba a cikin kwalba take ba. Kafin a kafa ginshiƙi a tsakiyar ruwa, sai tifofi sun yi ta juye ƙasa da ɓaraguzai an yi hanyar wucin gadi da katafila za ta bi. Ramin da ake haƙawa kuma ana cika shi da wata laka mai kauri, bentonayit, don kada bangonsa ya rufta, in an zuba kankare sai ta tumbatso. Na ga inda ta malala ta bushe a kan kunyoyin wani mai lambu, ta yi ɓawon toka-toka, ganyen alayyahonsa ya leƙo ta cikin tsagar. Fadamar nan ita ce makwancin ruwa in damina ta yi ƙarfi, kuma duk tulin ƙasar da aka bari a cikinta wurin ruwa ya cinye. Ginshiƙan su ma suna matse hanyar ruwa: ruwa ya taru a bayansu, ya ƙwaƙule yashi a gindinsu.

Na ɗauki hotuna, na auna tsawon hanyar da faɗinta, na rubuta shafi guda. Na ma tuna wa Oga cewa tun 2015 kotun muhalli ta Indiya ta hana zubar da ɓaraguzai a fadamar Yamuna, da tarar rupi 50,000. Ya duba shafin, ya ajiye shi gefe.

"Yallaɓai, ai ya kamata a sa ranar da za a kwashe hanyar kafin damina," na ce.

"Ruwa aka ce ka ɗebo," in ji shi, "ba shawara ba." A gaban sauran ɗalibai ya faɗa, har da tambayata ko a ƙasarmu akwai Metro. Na yi shiru, don baƙo ne ni, kuma sa hannunsa nake jira.

A ranar 13 ga Yulin 2023 ruwan Yamuna ya kai mita 208.66 sama da matakin teku a ma'aunin tsohuwar gadar jirgin ƙasa, ya zarce na 1978 da ya tsaya a 207.49. Ruwa ya kai har bangon Red Fort, tsohuwar fadar sarakuna da ke Delhi. Ba zan ɗora wa hanyarmu laifin ambaliyar ba: an yi ruwan sama mai yawa a arewacin Indiya, an saki ruwa daga madatsar Hathnikund da ke can saman kogin, wasu ƙofofin madatsar ITO da ke cikin Delhi kuma sun ƙi buɗuwa. Sai dai bayan ruwa ya janye kowa ya fara tambayar abin da aka tara a fadama. Cikin mako shafina ya fito daga aljihun tebur, ya shiga sabon rahoto, hotunana ne, awona ne, sunan Oga a ƙasa. Har yaba masa aka yi a taro kan hangen nesa, ina zaune a baya ina raba takardu.

Ban tsani gadar ba. Tun 2002 jirgin nan ke tsallaka Yamuna, kuma a garin da hayaƙi ke rufe rana da hunturu, duk motar da ya rage a titi riba ce. Abin da na ƙi shi ne a auna abin da aka san ba zai canja ba don a samu abin rubutawa.

Sauran darussan gajeru ne. Ka tura wa kanka kwafin duk abin da ka rubuta ta imel, da kwanan wata. Ka gaisa da masu lambu da masu kwale-kwale kafin ka buɗe taswira, sun fi ta sanin inda ruwa ke kaiwa. Ka tambayi wa zai biya kuɗin kwashe hanyar wucin gadi, domin in babu shi a takardar kwangila, tana nan har damina. Takardar shaidar da Oga ya ba ni layi biyu ce, ta ce ina zuwa aiki a kan lokaci.