Bakin fulogi da tsohuwar tarakta

Kwana biyu na yi ina kwance kafireta ina ɗaurawa a kan wata tsohuwar Ford 8N, irin masu shan fetur ɗin nan da aka ƙera tsakanin 1947 da 1952. Da safe sai ta yi ta gurnani ta ƙi tashi, in ma ta tashi, ana ɗaura mata garma sai tari. Fulogi kuwa ko kallonsu ban yi ba, tunda sababbi ne fil, da hannuna na ciro su daga kwali.

Maigidana ya zo ya tsaya a kaina. "Yaro, ka auna bakinsu?" Na ce, "Oga, ai sababbi ne." Bai tanka ba, ya miƙo mini geji, wato ma'aunin bakin fulogi, 'yar tazarar nan da tartsatsi ke tsallakawa.

Littafin injin inci 0.025 ya ce, wato milimita 0.6 da ɗoriya. Nawa duka huɗun sun haura haka. Batirin taraktar mai bolt 6 ne, kuma lokacin tayarwa sitata ce ke kwashe kaso mai tsoka na wutar. Ɗan abin da ya rage wa kwayil, mai ba fulogi wuta, ba ya iya tsallake baki mai faɗi, balle a cikin silinda, inda matsi ke ƙara wa tartsatsi wahala. Shi ya sa fulogi zai nuna maka wuta shuɗiya a waje, ka ɗaura shi ya ba ka kunya. In kuma bakin ya matse fiye da kima, tartsatsin ya yi ƙanƙanta, fetur ba ya kamawa sosai, baƙin hayaƙi ya yi ta taruwa a kai.

Na farkon da na taɓa sai da na yi asararsa. Na cusa sukudireba na dogara da tsinken tsakiya, tangaran ɗin da ke kewaye da shi ya ce ƙas. Ashe ƙugiyar gefe kaɗai ake lanƙwasawa, ita ma kaɗan-kaɗan, ana yi ana aunawa, har geji ya riƙa shiga da ɗan ja. Ni yanzu na fi yarda da geji mai waya, musamman a tsohon fulogi. Bakinsa kan cinye ya yi kwarmi, geji mai falle sai ya hau gefe-gefe ya yi maka ƙarya.

Da na gyara bakunan na ɗaura, a juyi na biyu taraktar ta tashi. Sai dai maigida ya yini yana maido da kafiretar da na dagula, yana yi yana harara ta.