Hilux mai gas: abin da injin GD ya gyara, da abin da ya ɗora wa mai mota

A 2015 ne Toyota ta sauya wa Hilux jiki, ta kuma sauya mata zuciya. Injinan gas da aka saba da su a ƙirar da ta fito 2004, wato 1KD mai lita 3.0 da ƙaninsa 2KD mai lita 2.5, suka ba 1GD mai lita 2.8 da 2GD mai lita 2.4 wuri. Duk da an shekara goma, har yau in ka shiga gareji za ka tarar ana musu a kan wanda ya fi. Wasu makanikai sun yanke hukunci tun tuni cewa sabon lalatacce ne. A ganina ba su yi masa adalci ba, amma tsoron nasu ma yana da tushe.

Mu fara da ƙarfi, don nan babu gardama. 1KD a Hilux yana ba da ƙarfin doki 163 zuwa 171, da ƙarfin ja na Nm 343 zuwa 360 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ja). 1GD, duk da ya fi shi ƙanƙanta, ya fito da doki 177 da Nm 450 a mai giyar otomatik, sannan gyaran da aka yi masa a 2020 ya kai shi doki 204 da Nm 500. Shi ma ƙaramin, 2GD, yana da doki 150 da Nm 400, wato a wajen ja ya wuce tsohon babban. Wannan ƙarfin yana zuwa ne tun injin na juyi 1,600 a minti, shi ya sa in an laftar wa motar buhuna aka doshi hawa, direba ba ya yawan sauko da giya. Ga giya shida maimakon biyar, mai kuma ya fi auki a doguwar tafiya.

Ta ina ƙaramin inji ya samo wannan? Mafi yawa daga matsin mai. 1KD na farko yana tura gas cikin silinda da matsin bar 1,350 (bar ma'aunin matsi ne). GD yana kaiwa 2,200. Idan matsi ya ƙaru, ƙofofin nozil sai su ƙara ƙanƙancewa, man ya fita kamar hazo, ya ƙone sosai. An kuma rage girman tabo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ta yadda zai ɗauki gudu da wuri. Sai dai a riƙe maganar matsin nan, domin a nan ne alherin yake, a nan kuma kashin kajin yake.

Abubuwa biyu ne GD ya sauke wa mai mota kai tsaye. KD da bel yake juya kamshaf, kuma ƙa'ida a canja shi a kilomita 150,000. Akwai ma fitilar T-BELT a dashbod da ke kamawa idan lokaci ya yi. In ya tsinke ana tafiya, fistin zai daki bawul, aikin tofsilinda ya same ka. Matsalar motar da aka sayo ta hannu ita ce ba ka san ko an taɓa mitarta ba, don haka mai hankali yana canja bel da tenshina ranar da ya karɓi makulli. GD sarƙa ce, tana wanka cikin baƙin mai, ba ta da ranar canji matuƙar man na da tsabta. Na biyu shi ne bawul: a KD sai an buɗe marfi an auna gibi an daidaita da ƴan faifan ƙarfe, GD kuwa matsin baƙin mai ne ke daidaita nasa da kansa.

Babban ciwon KD, wanda masu yabonsa kan manta, yana ƙarƙashin nozil. Kowane nozil yana zaune a kan wani ɗan wosha na tagulla da ke hana wutar silinda hawowa. Idan woshan ya ci, hayaƙi mai zafi sai ya riƙa sulalowa ta gefen nozil, ya shiga inda baƙin mai yake, ya dafa shi ya zama ƙanzo. Ƙanzon nan ya gangara cikin sam, wato kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji, ya liƙe a ragar da famfon baƙin mai ke zuƙa ta cikinta. Raga ta toshe, mai ya daina isa ga metal, inji ya buga, alhali mai shi bai taɓa tsallake sabis ba. Abin haushin shi ne woshan ba shi da tsada. Duba shi ma ba wuya: ranar juye baƙin mai, a haska ramin da aka kunce noti da tocila ko ƴar kyamarar waya mai igiya, a kalli ragar. In an ga baƙin abu kamar kwalta a jikinta, a sauke sam a wanke, a canja woshi huɗun gaba ɗaya, kada a maida tsoho ko da ya yi kyau a ido. Akwai kuma tsagewar fistin da aka sani a wasu 1KD, galibi idan nozil ya tsufa yana zubar da mai maimakon fesawa. Alamarsa ƙara mai kaifi da safe kafin inji ya ɗumama.

To, shi GD fa? Nasa ciwon a numfashi yake, shiga da fita.

A ƙasashen da ke da tsauraran dokokin hayaƙi, an sa wa salansarsa wata matata da ake kira DPF, mai kama kunkunniya. Idan ta cika, kwamfutar motar sai ta sa wani nozil na biyar ya fesa gas cikin salansa, zafi ya kai wajen digiri 600, kunkunniyar ta ƙone. Wannan yana son tafiya mai ɗorewa, kamar minti 20 zuwa 30 a gudun kilomita 60 ko fiye. Motar da aikinta daga gida zuwa kasuwa ne cikin cunkoso ba ta samun haka. Nozil na biyar ya toshe, farin hayaƙi ya turnuƙe, mota ta ƙi jan totur. A Ostareliya abin har kotu ya kai: a 2022 Kotun Tarayya ta ƙasar ta yanke cewa akwai lahani a wannan tsari a motoci sama da 260,000 na Hilux da Prado da Fortuner da aka sayar tsakanin Oktoban 2015 da Afrilun 2020. Tun 2018 kamfanin ya ƙara maɓallin da direba zai danna ya ƙona matatar da kansa.

Wannan ya shafi mai saye a Kano ko Maraɗi ta hanya guda: ba duk GD ne ke da DPF ba. Wadda aka ƙera don kasuwar Afirka galibi ba ta da ita. Wadda aka shigo da ita ta hannu daga Turai tana da ita, sau da yawa har da tankin AdBlue, wani ruwa da ake fesawa cikin salansa don tsabtace hayaƙi. An tsara ta ne a kan gas mai farar wuta kashi 10 cikin miliyan, da baƙin mai mai ƙarancin toka mai lambar C2, irin 0W-30 ko 5W-30. Zuba mata 20W-50 na durom, tokarsa ba ta ƙonewa, sai dai ta cika matatar har abada. Saboda haka kafin a yi ciniki, a leƙa bayan tabo a ga abin da ke maƙale a salansa.

Sai ƙura. A bayan filtar iska akwai wata ƴar na'ura mai auna yawan iskar da ke shiga. An sha samun GD na farko-farko da ƙura mai laushi ke ratsa gefen filta ta kwanta a kanta, kwamfuta ta rikice, ta rage wa inji ƙarfi a tsakiyar hanya. Wanda ya san hazon hunturu a hanyar da ba kwalta ya san mu ne abin ya fi shafa. Maganinsa filta ta asali wadda robar bakinta ke kama akwatin sosai, a tabbatar duk ƙugiyoyin marfin sun kulle, a kuma wanke na'urar da feshin da aka yi dominta, ba fetur ba, ba burushi ba. Busa filta da iskar bulkanaiza mai ƙarfi yana yaga takardarta ta inda ido ba ya gani.

Mu koma kan matsi. Famfon gas da nozil na GD gas ɗin ne da kansa ke zame musu maiko. Ruwa kaɗan, ko gas da aka gauraya da kananzir, ya isa ya ci cikin famfo, garin ƙarfen ya bi bututu ya lalata nozil huɗu a tashi ɗaya. KD ma ba ya son man jarka, amma ya fi haƙuri. A duka biyun, in fitilar filtar mai ta kama a tsaya a tsiyaye ruwan da ya taru a gindinta, kada a ce sai an isa gari. Mai yawan shan mai a ƙauye ya ƙara filta ta biyu mai raba ruwa kafin ta asali. Idan kuma aka canja nozil, kowanne na zuwa da doguwar lamba a kansa da dole a shigar wa kwamfutar motar. Makanikin da ba shi da na'urar yin haka, inji zai tashi amma ba zai zauna daidai ba.

Ga mai aikin daji, inda gareji mai kwamfuta ke da nisan yini guda, akwai zaɓi na uku da ba a cika sawa a musun ba: 5L-E, lita 3.0 mara tabo, wanda aka ci gaba da sa wa Hilux na kasuwar Afirka bayan fitowar GD. Ƙarfinsa wajen doki 100 ne kawai, wuce tirela da shi sai an yi lissafi, kuma shi ma da bel yake. Amma ba ya da wannan matsanancin matsi, kuma duk makanikin da ya iya tsohon gas zai iya buɗe shi. Wanda ke shan mai a gidan mai amintacce, yake yawan hawa babban titi, 2GD mara DPF ya fi masa 2KD ta kowace fuska. Wanda ya riga yana da KD mai lafiya kuwa, ban ga dalilin gaggawar rabuwa da shi ba. Ya canja woshi, ya canja bel, ya leƙa ragar nan.